Wai da gaske ne cin nama da ƙwai na ƙara dopamin a ƙwaƙwalwa?

Kwanaki wani abokina ya turo min hoton wata kwalbar ƙwayoyi da ya saya, a jikinta an rubuta L-Tyrosine da manyan baƙaƙe, wai ya gani a wani bidiyo cewa in kana sha kullum da safe dopamin ɗinka zai tashi, kasala ta tafi, karatu ya zauna, ka daina jin komai ya fita ranka. Tambayarsa ɗaya ce, gaskiya ne ko dai an ci kuɗinsa ne kawai. Na ce masa amsar ba eh ba ce ba kuma a'a ba, ya ce don Allah in daina kwana-kwana, to shi ne na ce bari in zauna in warware abin daga tushe, don inda yawancin mutane ke zaton gizo na saƙa ba nan yake saƙar ba.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Dopamin, wato wani sinadari da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, daga abinci asalinsa yake, wannan kam haka ne. In ka ci furotin, nama ne ko kifi ko ƙwai ko madara ko wake, ciki da hanji su ne ke farfasa shi ya koma ƙananan gutsattsari da ake kira amino asid, iri 20 ne jiki ke gina furotin da su, 9 daga ciki jiki ba ya iya haɗa su da kansa dole sai an ci. A cikin ashirin ɗin nan guda biyu ne suka shafi maganarmu kai tsaye, fenilalanin da tayrosin. Fenilalanin yana cikin taran nan da dole sai an ci, shi kuma tayrosin ana samunsa a abinci kuma hanta tana iya ƙera shi daga fenilalanin, wato ta hanya biyu yake zuwa. Sunan ma akwai labari, a 1846 wani masanin kemistiri ɗan Jamus Justus von Liebig ya fara ciro shi daga furotin ɗin cuku, kuma tyros da Girkanci cuku kenan.

To daga tayrosin zuwa dopamin taki biyu ne rak. Taki na farko wani inzayim, ka ɗauki inzayim a matsayin ma'aikacin da ke juya wani sinadari ya koma wani, sunansa tayrosin haidroksiles, shi ke mai da tayrosin ya zama L-DOPA. Taki na biyu wani inzayim ɗin daban ya guntule wa L-DOPA wani ɓangare sai ya zama dopamin. A wasu ƙwayoyin ma tafiyar ba ta tsaya nan ba, dopamin ɗin ake ƙara juyawa ya zama noradrenalin, daga nan adrenalin. Kuma tayrosin ɗin nan ba dopamin kaɗai ke jiransa ba fa, da shi ake yin melanin mai ba fata da gashi launi, da shi ake yin homon ɗin tayrod na maƙogwaro, kuma mafi yawansa gina tsoka da sauran furotin ɗin jiki yake tafiya ko a ƙona shi a samu kuzari. Abin da ke zama dopamin a ƙwaƙwalwa ɗan mitsitsi ne.

Duk wanda ya ga wannan jeri zai ce ai shikenan, a ƙara tayrosin a samu ƙarin dopamin, lissafi mai sauƙi. Kuma a kan wannan lissafin masu sayar da kwalabe ke cin abinci. Matsalar ita ce akwai shinge biyu a hanya kuma su ne ainihin labarin.

Shinge na farko ƙofar ƙwaƙwalwa ce. Jijiyoyin jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwa ba irin na sauran jiki ba ne, bangonsu a liƙe yake gam, ba kowane abu da ke yawo a jini ke tsallakawa ba. Shi kansa dopamin ba ya tsallakawa. Shi ya sa maganar nan da ake yawan yi wai ayaba na ɗauke da dopamin don haka a ci a yi farin ciki take ban dariya, eh akwai dopamin a ayaba, musamman a ɓawon, amma iyakarsa hanji da hanta da jini, ba zai taɓa leƙa ƙwaƙwalwa ba. Kai ko na asibiti ma da ake ɗura wa mara lafiya ta jijiya in jininsa ya faɗi ƙasa sosai, a zuciya da hanyoyin jini yake aikinsa, ba ya sa mutum nishaɗi. Wani abin da mutane ba su sani ba, kusan rabin dopamin ɗin da jiki ke yi ma ba a kai ake yinsa ba, a yankin ciki ne, hanji da maƙwabtansa, kuma wancan harkarsa daban. Dopamin ɗin ƙwaƙwalwa dole a cikin ƙwaƙwalwa za a haɗa shi, kayan haɗin kawai ake shigo da su.

Kayan haɗin kuma ta wata 'yar ƙofa suke shiga da ake kira LAT1, ka ɗauke ta kamar kwale-kwalen fito guda ɗaya mai kujeru ƙalilan, ga fasinja cike da bakin ruwa. Don ba tayrosin kaɗai ke hawa ba, fenilalanin na nan, triptofan wanda ake yin serotonin da shi, wani sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa irin dopamin, yana nan, ga liyusin da aisoliyusin da balin, ga metiyonin da histidin, duk kwale-kwale ɗaya suke jira kuma kusan koyaushe a cike yake. To abin da ke yanke yawan tayrosin ɗin da zai haye ba yawansa a jini ba ne kawai, yawansa ne in an gwada da na abokan turereniyarsa. In ka ci nama ka ƙara tayrosin, gaskiya ne, amma ka ƙara liyusin da balin da sauran su ma a lokaci guda, kowa ya kawo 'yan uwansa bakin ruwa. Tayrosin yakan ɗan samu galaba bayan abinci mai furotin sosai tunda hanta na ƙara masa daga fenilalanin, amma ɗan tashi ne, ba irin wanda ake zuzutawa ba.

Mutum biyu ne suka fi fito da wannan magana ta gasa a bakin ƙofa, John Fernstrom da Richard Wurtman a jami'ar MIT ta Amurka, farkon shekarun 1970, kuma abin da suka gano a kan triptofan ya ba mutane mamaki a lokacin. Triptofan a furotin yake, to hankali zai ce a ci furotin ya ƙaru a ƙwaƙwalwa, ashe akasin haka ne, shi ne mafi ƙaranci a cikin furotin don haka in an ci nama sai sauran su danne shi. Abin da ke buɗe masa hanya abinci ne mai sitaci ko suga wanda babu furotin sosai, insulin ya tashi ya kwashe liyusin da aisoliyusin da balin ya tura su cikin tsoka, bakin ruwa ya yi sarari, triptofan ya haye abinsa. Na kawo wannan ne don a ga cewa tsakanin abin da ka haɗiya da abin da ya isa kai akwai siyasa mai yawa.

A nan bari in ɗan ratse saboda 'yan ɗaga ƙarfe. Garin nan da ake kira BCAA da ake sha don tsoka, liyusin da aisoliyusin da balin ne zalla, wato manyan abokan hamayyar tayrosin da triptofan su uku. In aka sha da yawa ciki babu komai suna rage shigar waɗancan biyun cikin ƙwaƙwalwa na wasu awanni, har an taɓa gwada irin wannan haɗin a asibiti a kan masu ciwon mania, wato lokacin da ƙwaƙwalwa ta ɗau zafi fiye da kima, da niyyar a rage dopamin. Ba ina cewa cokali ɗaya bayan motsa jiki zai jefa ka cikin damuwa ba, a'a, amma dai abin dariya ne ka ga mutum da kwalbar tayrosin a hannun dama da robar BCAA a hagu yana haɗa su a kofi ɗaya.

Shinge na biyu shi ne babba, kuma shi ne wanda masu bidiyo ba sa faɗa. A ce tayrosin ya haye lafiya ya isa cikin ƙwayar jijiyar da ke yin dopamin. Ƙwayoyin nan ma ba su da yawa, a cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum, masu yin dopamin a tsakiyar ƙwaƙwalwa wajen rabin miliyan ne kawai, yawancinsu a wurare biyu maƙwabtan juna, substantia nigra da VTA. A can zai tarar da tayrosin haidroksiles, wanda Nagatsu da Levitt da Udenfriend suka bayyana a 1964, kuma shi ne mai nawa a duk layin, komai saurin sauran sai sun jira shi. Ka ɗauke shi kamar tela ɗaya da keke ɗaya. In telan nan ba shi da yadi, kawo masa yadi zai sa ɗinki ya tashi. Amma in teburinsa ya riga ya cika, ko ka sauke masa dila goma a ƙofar shago rigunan da zai ɗinka a yini ba za su ƙaru ba. A mutum mai cin abinci daidai gwargwado telan nan kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye na ƙarfinsa a cike yake da tayrosin tun kafin ka buɗe kwalba, ɗan gurbin da ya rage kaɗan ne.

Kuma bai tsaya nan ba, telan yana da birki. Da dopamin ya fara taruwa a cikin ƙwayar sai shi dopamin ɗin da kansa ya koma ya maƙale wa inzayim ɗin ya rage masa gudu. A wajen ƙwayar kuma akwai wasu 'yan na'urorin ji a jikinta da ke shinshino yawan dopamin ɗin da aka saki, in ya yi yawa su aika saƙo ciki a sassauta. Ga kuma tattali, dopamin ɗin da aka saki ba duka ake zubarwa ba, akwai famfon da ke zuƙo shi ya dawo ciki a sake ɗura shi a 'yan jakunkuna a yi amfani da shi karo na gaba, saura kuma inzayim biyu MAO da COMT su rusa shi. Wannan famfon shi hodar ibilis ke toshewa, shi ya sa tasirinta ba a haɗa shi da na wani abinci, ita ba kayan haɗi take ƙarawa ba, tsarin kwashewar take lalatawa. Ƙwaƙwalwa dai ba ta yarda yawan dopamin ɗinta ya dinga hawa da sauka da abin da aka ci da rana ba, kuma in ka yi tunani rahama ce, da haka ne da duk ranar da ka ci nama da yawa sai hannunka ya kama fizge-fizge, ranar da ba ka ci ba ka kasa tashi daga kujera.

Don shi dopamin ba ruwan daɗi ba ne da ake cika tanki da shi kamar yadda ake faɗa. Motsin jiki yana hannunsa, hana nono zuba ba lokacinsa ba ta hanyar danne homon ɗin prolaktin yana hannunsa, kuma a ɓangaren lada aikinsa ya fi kama da sigina. Wolfram Schultz ya nuna haka a birai a shekarun 1990, in aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato ƙwayoyin dopamin su yi tsalle, in ya saba cewa bayan an kunna wata alama ruwan na zuwa sai tsallen ya koma kan alamar, in kuma aka kunna alamar aka hana ruwan sai su yi tsit ƙasa da yadda suke a da. Abin da ke da muhimmanci lokacin sakin ne da wurin da aka sake shi, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ba yawan abin da ke ajiye a sito ba.

To yaushe ne tayrosin na abinci ko na kwalba ke yin tasiri? Lokacin da telan ya shiga aikin gaggawa. In ƙwayoyin nan suna harbawa ba ƙaƙƙautawa, kamar a tsananin sanyi ko rashin barci ko matsin lamba mai tsanani, inzayim ɗin ana kunna shi ya ƙara gudu, birkin ya saki, a nan ne yadi kan iya yankewa kuma ƙarin tayrosin ya yi rana. Sojojin Amurka sun bincika wannan sosai, a 1989 Banderet da Lieberman suka sa mutane a ɗaki mai sanyi da ƙarancin iskar oksijin kamar na kan dutse mai tsawo na tsawon awa huɗu da rabi, waɗanda aka ba tayrosin miligiram 100 a kowane kilo na nauyinsu sun fi jure ciwon kai da gajiya da rikicewar tunani. Wasu gwaje-gwajen na rashin barci sun yi amfani da 150. Yi lissafi, mai kilo 70 giram 7 kenan zuwa 10 da rabi a zama ɗaya, alhali ƙwayar da abokina ya saya miligiram 500 ce, sai ya haɗiye 14 kafin ya kai ƙaramin adadin. Kuma lura da abin da aka samu, ba wai ya mai da mutum ya fi yadda yake ba ne, ya rage faɗuwar da wahala ke jawowa ne. Mutumin da ya yi barcinsa ya ƙoshi yana zaune a inuwa, yawanci ba a ganin wani abin kirki. An gwada shi a ciwon damuwa sakamakon bai gamsar ba, an gwada a manya masu ADHD, wato matsalar kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, wasu suka ji sauƙi da farko bayan 'yan makonni abin ya washe, wanda dama shi ake tsammani daga tsarin da ke da birki.

Ta ɗaya gefen kuma, ragewa ta fi ƙarawa sauƙi, kuma wannan shi ne hujja mafi ƙarfi cewa abinci na taɓa dopamin. Masu bincike na da wata dabara, su sa mutum ya kwana bai ci furotin ba, da safe su ba shi wani haɗin amino asid mai yawa wanda aka cire tayrosin da fenilalanin daga ciki. Abu biyu ke faruwa, jiki ya hau gina furotin da abin da aka ba shi ya yashe ɗan tayrosin ɗin da ke jini don cike giɓi, sannan waɗanda aka sha su cika kwale-kwalen. Cikin awanni kaɗan tayrosin na jini ya faɗi warwas, prolaktin ya tashi alamar dopamin ya ragu, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sakinsa ya ja baya, kuma mutane kan rage himmar wahala don samun lada. Amma ka ga irin wahalar da aka sha kafin a kai nan, haɗi ne na musamman mara daɗin sha da ba wanda zai ci karo da shi a kwanon abincinsa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya ce babba na buƙatar miligiram 25 na fenilalanin da tayrosin a haɗe a kowane kilo a rana, mai kilo 70 bai kai giram 2 ba, kuma mai samun furotin daidai yana ninka wannan ba tare da ya sani ba.

Inda za ka ga ƙarfin maganar ƙofa ɗaya da idonka shi ne wata cuta ta gado da ake kira PKU. A 1934 a Oslo ta ƙasar Norwe wata uwa ta kai 'ya'yanta biyu masu naƙasar ƙwaƙwalwa wurin likita Asbjørn Følling, ta dage cewa akwai wani wari na daban a jikinsu da fitsarinsu, kamar na abin da ya yi fumfuna. Ya ɗiga wani sinadarin ƙarfe da ake gwajin fitsari da shi, maimakon launin da ya saba gani sai fitsarin ya koma kore shar. Ya bi diddigi har ya gano abin daga fenilalanin yake. Yaran nan hantarsu ba ta iya juya fenilalanin ya zama tayrosin, to sai ya taru a jini ya ninka sau goma, sau ashirin, ya mamaye kwale-kwalen shi kaɗai, tayrosin wanda dama ya yi ƙaranci ya rasa kujera, triptofan ma haka, dopamin da serotonin duk su yi ƙasa, ga shi kansa fenilalanin mai yawa guba ne ga ƙwaƙwalwar da ke girma. Wato amino asid ɗin da ake tallatawa a matsayin kakan dopamin, in ya yi yawa shi ke hana a yi dopamin ɗin. Har fatarsu da gashinsu kan fi na 'yan uwansu haske saboda melanin ma ya samu tangarɗa. A 1953 Horst Bickel da abokan aikinsa a Birmingham ta Ingila suka nuna cewa abincin da aka rage wa fenilalanin na taimakawa, farkon shekarun 1960 kuma Robert Guthrie ya fito da gwajin ɗigon jini daga dunduniyar jariri, wanda ya sa ake kama cutar a kwanakin farko kafin ta yi ɓarna. In ka taɓa ganin an rubuta a gwangwanin lemo mara suga cewa yana ɗauke da fenilalanin, saboda su ne, don aspatem ɗin da ke zaƙaƙa shi da fenilalanin aka haɗa shi.

Telan kuma ba yadi kaɗai yake buƙata ba, akwai zare da allura. Tayrosin haidroksiles ba ya aiki sai da sinadarin ayon, wato ƙarfen jini, da oksijin da wani mataimaki da ake kira BH4 wanda jiki ke haɗawa da kansa. Inzayim na biyu kuma sai da bitamin B6. Ni a ganina in har akwai abin da ya cancanci mutum ya damu da shi a abinci game da dopamin to ayon ne ba tayrosin ba, don ƙarancinsa ya zama ruwan dare a duniya musamman ga mata da yara, kuma an san alaƙarsa da ciwon nan da ƙafafu ke hana mutum sakat da dare sai ya yi ta motsa su, wanda likita kan fara da auna ayon kafin komai. Amma nan ma ƙa'idar ɗaya ce, cike giɓi ne ke aiki, wanda ayon ɗinsa ke daidai in ya ƙara ba abin da zai samu sai wahalar hanta. Shi kuma BH4, akwai yaran da ake haifa jikinsu ba ya yin isasshe, likita Masaya Segawa na Japan ya bayyana su a shekarun 1970, yaro ya tashi da safe yana tafiya lafiya kafin yamma ƙafafu sun murɗe, kuma ɗan ƙaramin L-DOPA ke miƙar da su kamar ba su ba.

Wanda ya kawo mu kan L-DOPA, shi ma amino asid ne fa, kuma shi ne ya tsallake telan gaba ɗaya tunda an riga an yi masa takin farko mai wuyar. A 1913 Markus Guggenheim a Siwizalan ya tace shi daga wani nau'in wake mai faɗi, ya haɗiyi giram 2 da rabi don ya ga me zai yi, ya yi ta amai, aka ɗauka abin ba shi da wani amfani. Sai a 1957 Arvid Carlsson a Suwidin ya ba zomaye maganin reserpin wanda ke zubar da ajiyar su dopamin daga jakunkunansu, zomaye suka kwanta lakwas kunnuwa a zube, ido a lumshe, ba motsi. Ya yi musu allurar DOPA, cikin kamar kwata na awa kunnuwa suka miƙe suka tashi suna zazzare ido. Wannan aikin ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. A 1960 a Biyana ta ƙasar Ostiriya Oleh Hornykiewicz ya auna ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi fama da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, ya tarar dopamin ya ƙafe a inda ya kamata ya fi yawa, a 1967 kuma George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a dinga ba da maganin ta baki ana ƙarawa a hankali har marasa lafiya su miƙe.

Aman Guggenheim ma yana da bayani, inzayim na biyun nan yana ko'ina a jiki, to yawancin L-DOPA tun a hanji da jini ake juya shi ya zama dopamin, wanda ba ya shiga ƙwaƙwalwa sai dai ya tayar da zuciya, abin da ke isa kai bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Shi ya sa ake haɗa shi da wani maganin, kabidopa ko benserazid, su tsare inzayim ɗin a waje su kuma ba sa tsallaka shingen. Masu sayen garin Mucuna pruriens, waken nan mai ƙaiƙayi da ake tallatawa a matsayin dopamin na gargajiya, su sani L-DOPA ne na gaske a ciki, kashi kaɗan cikin ɗari na nauyin ƙwayar, ba kabidopa, kuma adadin na bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Wannan magani ne ba abinci ba, tunda ya zagaye birkin da ke kare ka, kuma yawansa na iya kawo amai da jiri da fizge-fizge har da gane-gane. Ko tayrosin ɗin ma mai shan maganin tayrod ko magungunan damuwa na rukunin MAOI bai kamata ya taɓa shi ba sai ya tambayi likitansa.

Kuma a masu Parkinson ɗin ne maganar kwale-kwale ke fitowa a kan teburin cin abinci ƙiri-ƙiri, don lebodopa, wato L-DOPA ɗin da ake ba su a matsayin magani, layi ɗaya yake bi da amino asid ɗin abinci, a hanji ya yi turereniya da su, a ƙofar ƙwaƙwalwa ya sake yi. Dattijo ya sha ƙwayarsa tare da farantin nama da kofin madara, a jira minti talatin, arba'in, awa guda, hannu bai daina rawa ba ƙafa ta ƙi ɗaguwa daga ƙasa, iyali su ce maganin ya daina aiki ko jabu aka sayo, alhali liyusin da balin ne suka cinye kujerun. Ba kowane mara lafiya ke ganin haka ba, ya fi fitowa ga waɗanda suka daɗe da cutar har maganin ya fara yi musu kunnawa da kashewa. Shi ya sa ake cewa a sha shi kamar minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, wasu kuma likita ya tsara musu su rage furotin da safe da rana su tara shi a abincin dare lokacin da ba a buƙatar zirga-zirga, ba wai a daina ci ba, don tsoho in ya rasa furotin tsoka ce ke zubewa kuma faɗuwa ta ƙaru. Ƙwayar ayon ma tana kama lebodopa a hanji ta hana shi shiga jini, don haka ita ma ana raba lokacinsu da kamar awa biyu.